Zumunci a Ƙafa Yake: Dandalin Sada Zumunta ko Wasiƙa?

Gabatarwa

A kowace shekara, idan damina ta kankama, aka kuma kammala jarrabawar WAEC da ta NECO, ɗaliban ajin ƙarshe na makarantun sakandaren Sule Tankarkar da Gumel da Maigatari da Gagarawa sukan ɗaure akwatunansu su yi ban kwana da juna. Shekara shida ke nan suna zama a benci ɗaya, suna aron littafi da alƙalami a hannun juna, sai ga shi rana ɗaya kowa ya kama gabansa. Wani ya nufi Kwalejin Ilimi ta Gumel, wani Jami'ar Tarayya ta Dutse, wani Jami'ar Sule Lamido da ke Kafin Hausa, wani kuma Jami'ar Bayero ta Kano. Wani ya jira a gama girbin gero da riɗi ya tafi ci-rani Legas, wata aka yi mata aure, wani ya bi mahaifinsa kasuwar dabbobi ta Maigatari. Kafin su rabu, sai su buɗe rukunin WhatsApp da sunan ajinsu, su ƙulla abota a Facebook, su ɗauki alkawarin cewa zumunci ba zai yanke ba.

Alkawarin yana da kyau, amma akwai tambaya a ƙarƙashinsa: shin waɗannan dandali sun isa su riƙe zumuncin da aka yi shekara shida ana ginawa? Ra'ayin wannan maƙala shi ne ba su isa ba. Dandalin sada zumunta yana da amfani babba wajen sanin inda mutane da yawa suke da abin da suka ga damar bayyanawa, amma abota ta ƙut-da-ƙut tana buƙatar wasiƙa. Abin nufi da wasiƙa a nan shi ne saƙon da mutum ya zauna ya tsara domin mutum ɗaya tak, ko a takarda aka rubuta shi, ko a waya, ko ma da murya aka naɗe shi.

Tsohon abu cikin sabuwar riga

Waɗannan hanyoyi biyu ba baƙi ba ne a ƙasar Hausa. Tun kafin wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001, iyaye da yayyen ɗaliban yau suna da nasu dandalin, wato shirin Zaɓi Sonka na gidajen rediyo. Mutum ya sayi katin gaisuwa, ya jera sunayen mutum goma ko ashirin, mai gabatarwa ya karanto su a jere, duk ƙasa ta ji. Wanda aka ambaci sunansa yakan ji daɗi, amma ba ya ƙaruwa da sanin komai game da halin da mai gaishe shi yake ciki. Idan magana ta kai ta lalura ko shawara, sai a koma ga takarda, a fara da gaisuwa mai yawa da fatan alheri, a zayyana abin da ke tafe, a liƙe ambulan a kai gidan waya, ko a ba direba a tasha. Wanda bai iya rubutu ba ya nemi mai rubuta masa, ko ya naɗi muryarsa a kaset ya aika.

Mutanen da suka rayu da waɗannan abubuwa biyu ba su taɓa rikita su ba. Sun san aikin kati, sun san aikin takarda. Matsalar da ta taso a yau ita ce katin gaisuwa ya zama kyauta, kuma yana hannun kowa dare da rana, har ya sa mutane da yawa suna zaton sun sauke nauyin zumunci alhali kati kawai suka aika.

Abin da kimiyya ta gano game da yawan abokai

A 1992 wani masani ɗan Ingila mai suna Robin Dunbar ya kwatanta girman ɓawon sama na ƙwaƙwalwar birai iri-iri da yawan garken da kowane iri yake rayuwa a cikinsa. Ya ga cewa gwargwadon girman wannan sashe, gwargwadon girman garke. Da ya ɗora lissafin a kan ƙwaƙwalwar ɗan Adam, sai ya sami adadin da ya kusa 150, wato kimanin yawan mutanen da mutum zai iya riƙe hulɗa mai ɗorewa da su. Daga baya shi da abokan aikinsa suka nuna cewa waɗannan mutane hawa-hawa suke: kimanin 5 na jiki, waɗanda ake kai wa kuka, sai kimanin 15 aminai, sai kimanin 50 abokai, sannan sauran.

Ba duka masana ne suka yarda da lambar 150 ba. A 2021 wasu masu bincike na Jami'ar Stockholm da ke Suwidin sun sake lissafin, suka ce ba za a iya tsayar da lamba ɗaya ta wannan hanya ba. To amma ko an bar lambar a gefe, ginshiƙin maganar yana nan, domin yini sa'a 24 ne ga kowa, abota kuma lokaci take ci. Jeffrey Hall na Jami'ar Kansas a Amurka ya ƙiyasta cewa sai an yi kimanin sa'a 50 tare kafin sanayya ta zama abota ta sama-sama, kimanin sa'a 90 kafin ta zama abota sosai, sannan fiye da sa'a 200 kafin ta zama aminci. Ɗaliban da suka yi shekara shida a aji ɗaya sun tara dubban sa'o'i, wato sun fito makaranta da wata dukiya wadda ba za su sake samun irinta cikin sauƙi ba.

Facebook yana ba mutum damar tara abokai har 5,000. Shin wannan ya faɗaɗa zuciyar ɗan Adam? A 2016 Dunbar ya binciki mutane fiye da 3,000 a Birtaniya masu amfani da dandalin. A kashin farko na waɗanda aka tambaya, matsakaicin yawan abokan mutum 155 ne, amma da aka ce su ƙidaya waɗanda za su dogara da su in masifa ta auku, sai amsar ta tsaya a kan kimanin 4. Jerin sunaye yana iya tsawo yadda ya ga dama, abokan kuka dai ba su ƙaru ba.

Akwai wani binciken da ya fi kusa da halin ɗaliban sakandare. Sam Roberts da Dunbar sun bi wasu ɗalibai 'yan Ingila na tsawon wata 18, tun daga ajin ƙarshe har suka shiga jami'a ko aiki, suka wallafa sakamakon a 2011. Sun tarar da cewa dangantakar jini tana jure nisa da rashin gani, amma abota tana yin sanyi da zarar an rage tuntuɓa da haɗuwa. Ɗan'uwa yana nan a matsayinsa ko an shekara ba a gaisa ba. Aboki kuwa kamar shukar rani yake, in aka daina ban ruwa sai ya bushe.

Wa yake zaɓar abin da ake gani?

Wani zai ce ai ban ruwan ke nan ake yi a dandali, tunda kullum ana ganin juna. A nan ya kamata a fahimci yadda na'urar take aiki. An kafa Facebook a 2004. A 2006 aka ƙara masa jerin labaran da mutum ke tararwa in ya buɗe, a 2009 kuma aka ƙara alamar babban yatsa. Wannan jeri ba bisa tsarin wanda ya riga aikowa yake tafiya ba. Wani tsarin lissafi ne na kwamfuta yake duba abubuwa masu yawa, ya auna wanne ne zai fi sa mutum ya tsaya ya kalla ko ya danna, ya ɗora shi a sama. Dalili kuwa a fili yake: mafi yawan kuɗin shigar kamfanin daga talla suke fitowa, talla kuma tana buƙatar ido ya daɗe a kan gilashin waya.

Kamfanin Meta, mai Facebook da Instagram da WhatsApp, da kansa ya bayyana inda wannan tsari ya kai. A wata shari'a da hukumar kula da cinikayya ta Amurka ta yi da shi a 2025, ya gabatar da alƙaluman da ke nuna cewa kashi 17 cikin ɗari ne kawai na lokacin da mutane ke yi a Facebook yake tafiya wajen kallon abin da abokansu suka saka, a Instagram kuma kashi 7. Saura yana tafiya ne ga wasu abubuwa, kamar bidiyon baƙi da barkwanci da siyasa da talla. Ɗalibin da ya yi sa'a guda a dandali da niyyar sada zumunci, watakila bai ba abokansa fiye da minti goma ba.

WhatsApp ya bambanta, domin babu lissafin da ke tace hirar mutane a cikinsa. Amma rukunin aji yana da tasa cutar. Mutum biyar ko shida masu yawan data da yawan surutu su ne ke cika shi da gaisuwar Juma'a da saƙonnin da aka turo daga wani wuri da gardamar ƙwallo. Wanda ya kwana biyu wayarsa ba caji, ya buɗe ya tarar da saƙo 400, ba zai karanta ba, sharewa zai yi.

Wanda ya yi shiru

Babban aibin dandali ya fi fitowa idan aka haɗa shi da kunya irin ta Bahaushe. Dandali kasuwa ce, kuma ba a tallar asiri a kasuwa. Wanda ya sami gurbin karatu zai saka hoton takardar. Wanda ya ɗinka sabuwar shadda da Sallah zai saka. Amma a ɗauki misalin yaron da ke wani ƙauye na Sule Tankarkar, wanda makinsa na JAMB bai kai ba shekara biyu a jere, ko wanda ya sami gurbin amma kuɗin rajista ya gagara saboda gero bai yi kyau ba, ko yarinyar da aka cire daga karatu ba da son ranta ba. Me za su saka? Shiru za su yi. Tsarin lissafin dandali kuwa ba ya nuna mai shiru, tunda babu abin da za a danna. A rukuni ma, in mutum 60 suna ciki, babu mai lura da cewa ɗaya ya daina magana. Ta haka wanda ya fi kowa buƙatar aboki shi ne yake fara ɓacewa daga idon abokansa, su kuma suna can suna zaton zumunci yana tafiya daidai.

Masu iya magana sun ce abokin kuka ba a ɓoye masa mutuwa. Sai dai kafin mutum ya faɗi abin da ke damunsa, dole a keɓe shi a tambaye shi, kuma ya ga alamar mai tambayar ya ɓata lokaci dominsa. Aikin wasiƙa ke nan. Saƙon da ya kira mutum da sunansa, ya tuna masa wani abu da su biyu kaɗai suka sani, ya ba shi labarin wahalar da mai rubutun ma yake sha, sannan ya tambaye shi jikin mahaifiyarsa da shirin da yake yi na baɗi, irin wannan saƙo ne yake buɗe baki.

Bincike ya goyi bayan haka. Moira Burke, wadda take aiki da Facebook a lokacin, da Robert Kraut na Jami'ar Carnegie Mellon sun bi mutane 1,910 masu amfani da dandalin, suka wallafa abin da suka gano a 2016. Samun saƙon da wani na kusa ya tsara musamman domin mutum yana tafiya tare da ƙaruwar natsuwa da jin daɗin rayuwa. Alamar babban yatsa da kallon abin da aka watsa wa kowa ba su nuna irin wannan tasiri ba. A 2018 kuma Amit Kumar da Nicholas Epley, a wani gwaji da aka yi a Jami'ar Shikago, sun sa mutane rubuta wasiƙun godiya. Marubutan sun yi ta fargabar za a ga abin banbaraƙwai, amma waɗanda aka aika wa sun ji daɗin da ya wuce yadda aka zata. Ke nan nauyin da mutum yake ji kafin ya rubuta wa aboki doguwar magana, mafi yawansa zato ne.

Inda dandali ya yi zarra

Adalci ya wajabta a faɗi inda dandali ya fi. A 1973 masanin zamantakewa Mark Granovetter ya nuna cewa, cikin mutanen da ya bincika a wani gari kusa da Boston waɗanda suka sami aiki ta hanyar wani, yawancinsu ta bakin wanda ba su cika gani ba labarin ya zo musu. Hikimar ita ce amini yakan san abin da mutum ya riga ya sani, tunda da'irarsu ɗaya, amma na nesa shi ke kawo sabon labari. Don haka ranar buɗe rajistar tallafin karatu, ko labarin ɗaukar ma'aikata, ko farashin zoɓo da riɗi, sun fi saurin zuwa ta rukuni da dandali. Sanarwar rasuwa da ɗaurin aure da suna ma haka, saƙo ɗaya ya isa ga mutum ɗari cikin minti guda.

Mutanen bakin iyaka sun fi kowa sanin darajar wannan. Lokacin da aka rufe iyakar Nijeriya da Nijar daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, da kuma bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 har zuwa Maris na 2024, dangi da abokan ciniki na ɓangarorin biyu sun dogara ƙwarai da waya wajen jin lafiyar juna. Babu mai hankalin da zai ce a jefar da irin wannan kayan aiki.

Kasuwar Maigatari ta ranar Alhamis ta isa misali. Mutum yakan gaisa da ɗaruruwan mutane a cikinta, ya ji farashin raƙumi da sa da rago, ya sami labarin Damagaram da na Kano, ya koma gida da ribar da ba zai samu a zaurensa ba. Duk da haka, babu wanda ya taɓa cewa tunda ya ga amininsa a kasuwa ya ɗaga masa hannu, ya sauke nauyin zuwa duba shi a gida.

Tsada da ɗorewa

Akwai masu cewa doguwar wasiƙa sai mai hali da lokaci. Lissafi bai nuna haka ba. A ma'aunin kwamfuta, harafi ɗaya na boko kimanin bait ɗaya yake ci. Wasiƙa mai kalma 500 tana da haruffa wajen 3,000, wato kilobait 3. Megabait ɗaya ke nan zai ɗauki irin wannan wasiƙa fiye da 300, alhali bidiyon minti ɗaya yakan cinye megabait da dama. A ƙauyen da sabis ke zuwa yana ɗaukewa, inda sai an kai waya shagon caji an biya, rubutu ne saƙon da ya fi arha, shi ne kuma yake iya ratsa sabis mai rauni. Wanda rubutu ke yi wa wuya, saƙon murya na minti uku da aka yi domin mutum ɗaya ya maye gurbin kaset ɗin da.

Sai batun ɗorewa. Matasan farkon shekarun 2010 sun tuna tashen 2go, da yadda aka watse aka bar shi. Kamfanin Google ya rufe dandalinsa na Google+ a 2019. An dakatar da Twitter a Nijeriya daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022. A ranar 4 ga Oktoban 2021 Facebook da WhatsApp da Instagram sun ɗauke a duk duniya na kimanin sa'a shida. Zumuncin da ba shi da gida sai dandali ɗaya, a gidan haya yake zaune. A ɗaya ɓangaren, wasiƙun da Muhammadu Bello na Sakkwato da Shehu Muhammadul Aminu Alkanemi na Borno suka yi musaya, a zamanin da ƙasar Gumel take ƙarƙashin inuwar Borno, har yau ana karanta su a littafin Infaƙul Maisuri bayan fiye da shekara 200. Muhawara suka yi a cikinsu, amma darasin ɗaya ne: maganar da aka tsara aka adana tana daɗewa fiye da mai ita. Wasiƙar waya ma tana iya salwanta in wayar ta ɓata, shi ya sa mai muhimmanci ta cancanci a kwafe ta a littafi ko a aika ta imel.

Shawara ga ɗalibai da malamai

Ɗalibin da ke shirin barin makaranta zai amfana in ya ɗauki takarda ya rubuta sunayen abokai biyar da ba ya son rabuwa da su, ya karɓi lambar kowannensu da ta wani na gidansu, da sunan unguwa ko ƙauye. Ya ɗaukar wa kansa rubuta wa ɗaya daga cikinsu saƙo na musamman kowane mako, ta yadda kowa zai ji daga gare shi kusan sau ɗaya a wata. Idan ya lura wani ya yi wata guda bai ce uffan a rukuni ba, wannan ne ya kamata ya fara nema. In hutu ya zo kuma, ya tuna cewa tsakanin garuruwan masarautar Gumel tafiyar mota ce ko babur ta ɗan lokaci.

Malamai kuwa suna da dama a hannunsu. Rubutun wasiƙa yana cikin manhajar Hausa da ta Turanci, kuma yana fitowa a jarrabawa, amma sau da yawa ana koyar da shi kamar gawa: adireshi a dama, kwanan wata a ƙasa, a rubuta wa kawun da babu shi. Zai fi armashi in malamin Hausa a Sule Tankarkar ya haɗa kai da takwaransa na Gagarawa, ɗalibansu su riƙa musayar wasiƙu na gaske sau ɗaya a zango. Malamin lissafi ko na kimiyya yana iya sa kowane ɗalibi ya ƙidaya abokansa na dandali, ya ware waɗanda ya yi magana da su kai tsaye cikin wata guda, a zana jadawali a allo, ajin ya gwada sakamakonsa da na Dunbar. Wannan bincike ne na haƙiƙa wanda ba ya buƙatar ɗakin gwaji.

Kammalawa

Dandalin sada zumunta da wasiƙa ba kishiyoyi ba ne, kowanne da aikinsa. Na farko yana riƙe wa mutum mutane ɗari da hamsin ɗin nan ko fiye, ya kawo masa labari da sanarwa cikin hanzari. Ta biyu ita take riƙe biyar ɗin da ke tsakiya, waɗanda ba a sayen irinsu da data. Kuskuren da ake jiye wa matasa shi ne su ba na farko dukan lokacinsu, su wayi gari da abokai 3,000 a waya, ba su kuma san cewa wanda suka yi shekara shida a benci ɗaya da shi ya bar karatu tun bara ba. Magabata sun ce zumunci a ƙafa yake. Inda ƙafa ba ta iya zuwa ba, sai a aiki alƙalami ko murya, amma a aike su ƙofar mutum ɗaya, a kira shi da sunansa.